Yadda ake kai iyali hutu otal ɗin bakin teku mai tsarin komai-a-ciki

A irin wannan otal ɗin, tun kana gida kake biyan kuɗi sau ɗaya, a haɗa maka ɗaki da abinci da abin sha da wurin iyo da wasannin yara. Da kun isa sai a ɗaura wa kowa wani ɗan zobe na roba a wuyan hannu, shi ne shaidarku har ranar tafiya. Kamfanin Club Med ne ya yaɗa tsarin, tun 1950 da wani ɗan Beljiyam mai suna Gérard Blitz ya kafa tantuna a bakin teku a tsibirin Mayoka na Sifaniya. Yau ana samun irinsa birjik a Antaliya ta Turkiyya, da Hurgada da Sharm el-Sheikh a Masar, da Zanzibar, da tsibiran Maldibs, da Kankun a Mekziko, da Punta Kana a Jamhuriyar Dominika.

Na sha kai iyalina, tun babbar 'yarmu tana goye har zuwa yanzu da ita ke riƙe wa ƙannenta tawul. Abin da ya fi cin kuɗina da raina a tafiye-tafiyen farko shi ne kalmar nan "komai". Ma'anarta a bakin mai otal daban, a kunnen magidanci daban. Rabin aikin da zan bayyana a nan na gano iyakar wannan kalmar ne kafin kuɗi ya bar hannunka.

Abubuwan da za a tanada

Takardu: fasfo na kowa, har jariri, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, don ƙasashe da yawa haka suke nema. Sai biza in ana buƙata, da tikitin jirgi, da takardar kama ɗaki a buge a takarda ban da wadda ke waya, da inshorar tafiya mai ɗauke da jinya, da katin rigakafi in ƙasar na tambaya. In uwa ko uba ɗaya ne zai tafi da yaran, a riƙe takardar haihuwarsu da rubutacciyar amincewar ɗayan.

Kayan rana da ruwa: man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, hula mai baki, rigar iyo mai dogon hannu ga yara, takalmin ruwa na roba, famfas na shiga ruwa ga wanda bai daina ba, da rigar hana nutsewa daidai jikin duk yaron da bai iya iyo ba. Kowane yaro a yi masa kayan iyo biyu, ɗaya na bushewa ɗaya na jiki.

Magunguna: farasitamol na yara da abin auna shi, garin gishiri da sukari na gudawa, ma'aunin zafin jiki, filasta, maganin ƙaiƙayi, man sauro, da duk maganin da wani ke sha kullum. Wannan na ƙarshe jakar hannu zai shiga, kada a kuskura a jefa shi akwatin da za a auna.

Ƙananan abubuwa: adafta ta soket, gorar ruwa ga kowa, ledoji masu zif na jiƙaƙƙun kaya, 'yar igiyar shanya da maƙalai, ɗan garin sabulu, da ƙananan takardun kuɗi na tukuici. Duk waɗannan akwai su a shagon otal, sai dai farashinsu can na wanda ba shi da zaɓi ne.

1. Zaɓi wuri da lokaci da ƙaramin cikinku

Kuskuren farko shi ne iyaye su zaɓi wurin da hotonsa ya burge su. Ka fara da autan gidan: awa nawa zai iya zama a jirgi, sau nawa za a sauya jirgi, kuma daga filin jirgi zuwa otal tafiyar minti nawa ce? Wasu otal ɗin Maldibs sai an sake shiga kwale-kwale mai inji ko ƙaramin jirgi mai sauka kan ruwa, kuma irin wannan jirgin da rana kawai yake tashi. Da ɗan shekara biyu da ya kwana a hanya, wannan ba hutu ba ne.

Sai yanayi. A yankin Karibiyan da gabar Kankun, lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma daga wajen Afrilu zuwa Oktoba ciyawar teku ta sargasum kan taru a gaɓa ta yi wari. Zanzibar na samun ruwan sama mai yawa daga Maris zuwa Mayu, kuma a gabashin tsibirin teku kan janye nesa, ta yadda iyo sai an bi lokacin cikarsa. Antaliya a Yuli da Agusta zafi ne sosai ga farashi a sama, ni na fi son ƙarshen Mayu ko Satumba. A Sharm el-Sheikh otal da yawa gaɓarsu duwatsun murjani ne, sai an bi wata doguwar gada ta katako a faɗa ruwa mai zurfi. Ga mai son kallon kifi daɗi ne, ga yaro mai son tona yashi yana tsoma ƙafa kuwa ba wurinsa ba ne. Ka nemi gaɓa mai yashi wadda zurfinta ke ƙaruwa sannu a hankali.

In ka ga farashi ya faɗi warwas a wani wata, duba yanayin watan kafin ka yi murna.

2. Bincika abin da "komai" ya ƙunsa

Nan ne ake zama da biro da takarda. Kada ka dogara da shafin dillali, ka shiga shafin otal ɗin kansa, in ba ka ga jerin abin da tsarin ya ƙunsa ba ka aika musu imel. Amsar da aka ba ka a rubuce ita ce za ka nuna ranar da aka yi gardama. Ga abin da nake tambaya:

Daga ƙarfe nawa zuwa nawa tsarin ke aiki? Wasu suna rufe abin sha na kyauta da ƙarfe 11 na dare ko 12, bayan nan sai kuɗi. Gidajen abinci nawa ne ke ciki? Yawanci babban zauren bufe, wato inda kowa ke ɗiba da kansa, shi ne na kullum. Sauran da ake zama a yi oda sai an kama wuri tun da wuri, wani lokaci sau ɗaya kawai a mako aka yarda. Lemon da aka matse nan take yana ciki? Ayis kirim fa? Abin da ke cikin ƙaramin firjin ɗaki kyauta ne, kuma kullum ake cika shi ko ranar farko kaɗai? Kawo abinci ɗaki, wanki da guga, akwatin ajiya mai lamba, intanet a ɗaki, motar ɗauko baƙi daga filin jirgi, kowanne ka tambaye shi da sunansa. Wasannin ruwa marasa inji galibi kyauta ne, masu inji kuwa kusan kullum na kuɗi ne, haka ma tausa da yawon buɗe ido da ganin likitan otal. Wasu ƙasashe da birane suna da harajin baƙi da ake karɓa a otal daban da kuɗin ɗaki.

Wata shekara da safen tafiyarmu na je teburin karɓar baƙi da akwatuna, ina jin ba a bina ko sisi. Matashin da ke wurin ya buga takarda ya miƙo, tana ta fitowa daga injin kamar ba za ta ƙare ba. Layi bayan layi, lemon da aka matse, kofi biyu, kofi uku, kowace rana. Ashe yaran sun gano wani ɗan teburi kusa da wurin iyo, suna zuwa a tambaye su lambar ɗaki su faɗa, babbar ta sa hannu da sunanta cikin alfahari. Lemon injin da ke zauren abinci kyauta ne, wannan kuwa na kuɗi. Tun daga ranar dokata ɗaya ce: duk inda aka nemi lambar ɗaki ko sa hannu, a tsaya a kira Baba.

Wani lissafi kuma da ba a cika yi ba: a yawancin waɗannan otal ɗin, giya na cikin abin da aka ɗora a farashi. Iyalin da ba sa sha suna biya wa wasu ne. Ka kwatanta da tsarin karin kumallo da abincin dare kaɗai a otal ɗin. In akwai gari kusa, kuma kuna son fita da rana, sau da yawa shi ya fi. In otal ɗin a keɓe yake, ko tsibiri ne, ko yaranka irin masu jin yunwa kowace awa ne, komai-a-ciki ya fi kwanciyar hankali. A Turkiyya, musamman wajen Alanya, akwai otal ɗin da ba a sayar da giya sam, abincinsu halal, da wurin iyo na mata zalla. A sauran wurare kuwa ka tambaya ko ana rubuta abin da ke cikin kowane abinci, don naman alade da giya kan shiga miya da kayan zaƙi ba tare da ido ya gane ba.

Ra'ayoyin waɗanda suka taɓa sauka suna da amfani in an iya karanta su. Tsallake masu yabo da masu zagi, ka nemi na tsakiya, na watanni shida da suka wuce, na masu yara. Hotunan da baƙi suka ɗauka da waya sun fi na otal gaskiya. Ka kuma tabbatar ba otal ɗin manya zalla ba ne, don akwai waɗanda ba sa karɓar wanda bai kai 16 ko 18 ba.

3. Kama ɗaki

Rubuta shekarun yara na gaskiya, kuma shekarun da za su kasance ranar tafiyar. Galibi ɗan ƙasa da shekara 2 kyauta ne, zuwa wajen 12 akwai rangwame, daga nan kuɗin babba. Wanda ya rage wa ɗansa shekara don samun sauƙi, fasfo zai tona shi a teburin karɓar baƙi, a caje shi farashin ranar.

"Ɗakin iyali" kan zama ɗaki ɗaya ne da kujerar da ake miƙewa ta koma gado. Tambayi yawan gadaje na ainihi, da ko akwai ƙofa tsakanin wurin kwanan iyaye da na yara. Ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani ana rubuta su ne a matsayin roƙo, ba alkawari ba, sai in nau'in ɗakin da ka biya kenan. Da ƙananan yara ka nemi hawa na ƙasa ko na ɗaya, nesa da dandalin kiɗan dare, kusa da zauren abinci. Ɗakin da ake buɗe ƙofa a faɗa wurin iyo kai tsaye, mai ɗan tatata ya guje shi. Gadon jariri a nema tun yanzu, don ƙidayayyu ne.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, karanta sharaɗin fasawa. Farashin da ba a mayar da kuɗinsa ya fi araha, amma yaro na iya tashi da zazzaɓi ana gobe tafiya. In ka zaɓe shi, to inshorarka ta ƙunshi fasa tafiya.

4. Shirya jakar ranar farko

Yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe 2 ko 3 na rana. In jirginku na safe ne, za a ɗaura muku zoben hannu ku ci ku sha, amma akwatuna na ɗakin ajiya. Saboda haka a ware jaka guda mai kayan iyo na kowa, hula, famfas, kayan canji da magani. Man rana babba ba ya wucewa a jakar hannu a yawancin filayen jirgi, iyakar ruwa-ruwa mililita 100 ce kowace kwalba, don haka a zuba kaɗan a ƙaramar roba.

5. Awa biyun farko a otal

A teburin karɓar baƙi ka karɓi taswirar otal da jadawalin abinci. Za su iya riƙe wani kuɗi a katinka na jingina, ka tambayi nawa ne da ranar da za a sake shi. Ka ce a toshe saye da lambar ɗaki ga yara in tsarinsu ya yarda. Nan take kuma ka kama wuri a gidajen abinci na oda, don zuwa rana ta biyu sun cika.

Da an buɗe ɗaki, kafin a warware kaya, ka zaga: makullin ƙofar baranda, faɗin tsakanin ƙarafunanta, kujerar da yaro zai iya takawa ya leƙa, zafin ruwan famfo, na'urar sanyaya ɗaki. Abin da bai yi ba a faɗa yanzu, canjin ɗaki ya fi sauƙi kafin a baje akwati. Fasfo da kuɗi su shiga akwatin ajiya.

Daga nan ku fita gaba ɗaya ku zaga otal ɗin da ƙafa. Nuna wa yara wuri guda da za a haɗu in wani ya ɓace, da irin rigar ma'aikata. Wanda bai iya riƙe lamba ba, ka rubuta lambar wayarka a cikin zoben hannunsa da biro marar gogewa. Lambar waya na ce, ban da lambar ɗaki.

6. Ruwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa. Abin da ba a sani ba sai an gani shi ne nutsewa ba ta da ihu. Na taɓa tsaye a ruwa iya gwiwa, ɗana na bayana taku uku, ina amsa wa wani gaisuwa. Da na waiga fuskarsa na cikin ruwa, hannuwa a buɗe, idanu a buɗe, ko motsin kirki babu. Ƙafarsa ce ta zame a tayil. Na cafko shi ya yi tari ya yi kuka, shi kenan, amma ga mutane sun fi ashirin a wurin babu wanda ya ji komai.

Don haka ake yin karɓa-karɓa. Babba ɗaya shi ke da ido a kan yara, ba waya ba littafi, in zai tashi sai ya faɗa da baki: "Yanzu ke ce," ita kuma ta amsa. Inda aka ce kowa na kallo, babu mai kallo. Yaron da bai iya iyo ba kada ya wuce inda hannunka zai kai. Balan-balan ɗin da ake sa wa a damtse da tayar roba kayan wasa ne, suna sacewa suna kifewa. Kuma kada ka ɗauka kowane otal na da mai ceto a bakin ruwa, ka duba kujerarsa da lokutan aikinsa.

A teku a bi tuta. Ja, ba a shiga. Rawaya, a yi hattara, ga yara ni ja nake ɗaukarta. Inda aka kafa tutoci biyu masu ja da rawaya haɗe, tsakaninsu ne masu ceto ke gadi. A wurare da yawa tuta mai launin shunayya na nufin akwai halittun ruwa masu harbi. Akwai kuma igiyar ruwa da ke jan mutum daga gaɓa zuwa ciki, sau da yawa a daidai inda ruwan ya yi kamar ya fi kwanciya. In ta ɗauke ka kada ka yi kokawa da ita, ka yi iyo a gefe kana bin tsawon gaɓa har ka fita daga cikinta, in ka gaji ka kwanta a bayanka ka ɗaga hannu.

Rana kuma tana ƙuna ko da gajimare, kuma duhun fata ba ya hanawa. A shafa mai kafin a fita, a sake kowace awa 2 da bayan kowane iyo, kada a manta kunne da wuya da bayan ƙafa. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ta fi kaifi. Jaririn da bai kai wata 6 ba inuwa ce tasa.

7. Abinci

Ku riƙa zuwa bufe da an buɗe, lokacin abinci na da zafi kuma layi bai yi tsawo ba. Abin da ya kamata ya yi zafi ya yi zafi, na sanyi ya yi sanyi, wanda ya tsaya a tsakani a bar shi. A wanke hannu da sabulu kafin a zauna, don cokalin ɗiba ɗaya mutum ɗari ke taɓawa. Ruwan famfo kuwa a tambaya ko na sha ne, in ba a tabbatar ba a yi amfani da na gora har wajen goge baki.

Ranar farko yara za su cika faranti da kek da soyayyen dankali, idonsu ya fi cikinsu girma. Ka ba su ƙaramin faranti, su koma in ba su ƙoshi ba. Mai rashin jituwa da wani abinci, a rubuta shi a kati da harshen ƙasar a nuna wa shugaban masu girki. In gudawa ta kama yaro, a haɗa ruwan gishiri da sukari yadda aka rubuta a jikin leda, a ba shi kaɗan-kaɗan, kuma kada ya shiga wurin iyo. In ga jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko ya daina fitsari, sai likita, a kuma kira kamfanin inshora tun kafin a biya, a ajiye kowane rasit.

8. Kulob ɗin yara da tsarin yini

Kulob ɗin kyauta, wato inda ma'aikatan otal ke kula da yara da wasanni, yawanci na 'yan shekara 4 zuwa 12 ne, na ƙasa da haka sai da uwa ko a biya mai reno. Kafin ka bar yaro, zauna rabin awa ka gani: yara nawa ke hannun ma'aikaci ɗaya, wa ake ba yaro in an zo ɗauka, ana kai su ruwa, da wane harshe ake musu magana? Fara da awa ɗaya. Wanda ya ƙi kada a tilasta shi.

Yinin da ya fi yi mana shi ne teku da sassafe, ɗaki da barci bayan abincin rana, wurin iyo da la'asar. Yawon waje ɗaya ko biyu a mako ya isa, kuma a kwatanta farashin teburin otal da na kamfanonin waje masu lasisi. A Mekziko da Karibiyan za a iya tare ka da gayyatar karin kumallo na musamman da kyaututtuka. Tallar sayen hannun jari a ɗakunan hutu ce, tana cinye rabin yini. "Na gode, ba na so" ta wadatar.

Tukuici ya danganta da ƙasa da otal, wasu sun haɗa shi a farashi, wasu ma sun hana. Inda ake bayarwa, kaɗan-kaɗan kullum ga mai gyaran ɗaki ya fi dunƙule ranar ƙarshe, don ma'aikatan na sauyawa.

9. Ranar tafiya

Tun daren jajibiri ka nemi takardar lissafinka ka bi ta layi-layi, a warware gardama lokacin da ba mota ke jiranka ba. Katin da ake karɓar tawul ɗin bakin ruwa da shi a mayar, ɓatansa tara ce. A tabbatar da lokacin motar filin jirgi. Ana barin ɗaki da ƙarfe 11 ko 12, kuma a wasu otal ɗin da an yanke zoben hannu abinci ya ƙare, don haka in jirginku na dare ne ka tambaya ko za a bar muku shi zuwa yamma, da ko akwai ɗakin wanka na masu jiran tafiya. Kayan iyo na ƙarshe su shiga leda mai zif. Kafin a ja ƙofa, mutum ɗaya ya koma shi kaɗai ya duba ƙarƙashin gado, da baranda, da soket ɗin caja, sannan ya zura hannu cikin akwatin ajiya har ƙuryarsa, don fasfo kan lafe a jikin bango.